Yadin da ke Ƙasan Adaka

Ruwan ƙarshen damina ne ya kayar da bangon ɗakin Shamsiyya. Allah ya taimaka tana tsakar gida tana tarar ruwan indararo a bokiti, sai aka ji rugugi, ƙasa ta zauna a kan duk abin da ta mallaka. Yayanta Yari ya aro shebur ya yini yana tono. Ya ciro tabarma, ya ciro ledar kayan makaranta a yage. Riga da wando masu ruwan bula sun wanku da ƙyar. Farin hijabi kuwa jar ƙasa ta shige shi har cikin zare. Shamsiyya ta jiƙa shi da omo, ta murza da lemun tsami, ta shanya, ta sake jiƙawa. Ya fito kamar matacin koko.

Gidan nasu yana cikin Unguwar Rogo, a wani lungu da mashin biyu ba sa iya giftawa. Su uku ne a ciki: Yari, Shamsiyya, da kakarsu Inna Tani wadda ta haifi babansu. Uwarsu ta daɗe da rasuwa. Baban, Jibrin mai awon gero, ya bi ta a azumin bana, cikin mutanen da aka yi ta ɗauka lokacin zafi, waɗanda ba wanda ya yarda ya kira sunan ciwonsu. Tun daga nan, abin da Yari ya samo a kabu-kabu da mashin ɗin wani, da shi ake ɗora tukunya.

An rufe makarantu tun kafin azumi saboda korona, amma Shamsiyya ba ta saki karatu ba. Kullum da hantsi sai ta zauna da ƙaramin rediyo a cinya, malami yana koyarwa daga can, ita tana rubutu da gawayi a bayan ƙyauren langa-langa don kada takardunta su ƙare. Idan batir ya yi sanyi, Yari ya shanya shi a rana ko ya ɗan ciccije shi, a samu na gobe. Inna Tani takan zauna gefe tana tsintar shinkafa, tana tanka wa mai rediyo.

"Wanga mutum bai gajiya? Ko ruwa ba a ba shi?"

"Inna, ki bari in ji."

"Ji abinki. Ni dai tausai nai nika ji."

Da la'asar kuma Shamsiyya takan tafi Ƙofar Atiku, gidan Baffa Tambari, wan babansu, ta taya matarsa Jummai suyar awara. Baffa bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce idan an buɗe makaranta ta koma, to. Idan ba ta koma ba, ga kasko yana jiranta safe da yamma.

Sai aka yi sanarwa cewa 'yan aji uku na ƙaramar sakandare su koma su yi bita, su zauna jarrabawar fita. Shugabar makarantar ta tara iyaye a fili, kowa nesa da kowa. Yari ya je a madadin uba, ya tsaya can baya yana wasa da makullin mashin, domin shi zama wuri ɗaya ba ya cikin halinsa. Shugaba ta ce kowace yarinya ta zo da biro da fensirinta, don an hana aro. Ta zo da gorar ruwanta, don an hana shan ruwa a moɗa ɗaya. Ta zo da farin takunkumin fuska, da farin hijabi har ƙasan gwiwa. Wadda kayanta ba su cika ba, a bakin ƙofa za ta tsaya.

Yari ya san bakin ƙofar makaranta. Yana aji biyu takalminsa ya tsinke, aka koro shi, ya ce bari ya yi sati ɗaya a tasha ya samo na wani. Satin nan har yau bai ƙare ba.

Don haka bai zauna ba. Ya bi gidajen maƙwabta yana karɓar tsofaffin littattafan rubutu na yaran da suka gama, ya zare shafukan da ba a taɓa ba, ya kai wa wani baduku ya ɗinke su da zaren takalmi, ya yi musu bango da kwalin taliya. Ya yanka buhun shinkafa aka yi mata jaka. Ya wanke robar lemo ta zama gora. Ya tsinto takalmi a gwanjo, ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya haske, amma sai an ƙura ido. Komai ya haɗu sai hijabi da takunkumi. Farin yadi ya yi tsadar da Yari bai taɓa ji ba, fasinja sun yi ƙaranci, mai mashin kuma ba ya jin uzuri da yamma. Ya cije ya tafi wurin Baffa Tambari a rumfarsa ta hatsi.

Baffa ya saurare shi yana kaɗe ƙuda daga bakin buhu.

"Kai da kab bar boko, kai ka zo mani da zancen boko?"

"Baffa, ita ba irina ba ta. Tana da kai."

"In Allah ya yi za ta yi karatu, hijabi za shi samu. In bai samu ba, Allah bai yi ba. Ni na rufe ƙanena bana, kasuwa ta mutu, gidana baki goma sha. Jummai na buƙatar hannu."

Yari ya yi masa sai an jima, ya tayar da mashin da ƙarfin da bai kamata ba.

Washegari da la'asar, bayan Shamsiyya ta tafi suyar awara, Inna Tani ta leƙo daga ɗakinta.

"Kai, mijin banza. Zo ka jawo mani adaka."

Ya jawo ta daga ƙarƙashin gado. Da aka ɗaga murfin, ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Inna ta yi ta fitar da tsofaffin zannuwa tana ajiyewa gefe, har ta kai ƙasa, ta ɗauko wani ƙunshi a leda. Yari bai taɓa ganin cikinsa ba, amma ya san ko mene ne. Kowa a dangi ya sani. Kakansu Alhaji Ubaidullahi, da ya je Makka, farin yadi biyu ya sayo, ya tsoma su a ruwan zamzam, ya shanya a ranar can. Da ɗaya aka rufe shi. Ɗayan na Inna ne, likkafaninta. Duk ƙarshen damina takan rufe ƙofa ta warware shi ya sha iska, ta sake masa kafur, ta mayar.

Yari ya rufe tsoronsa da wasan jika.

"Tsohuwa, ko lokacin shan gumba ya yi?"

"Gumbata ba ka shan ta bana, ɗan nema. Riƙe nan."

Suka shimfiɗa yadin a kan tabarma. Ajiya ta sa farinsa ya ɗan ja zuwa ruwan madara, ga sawun ninki a jikinsa kamar an zana da wuƙa. Inna ta cire takalmi, ta hau, ta kwanta a kai ta miƙe ƙafafu, ta ja gefe ɗaya ta rufa.

"Dibi ƙahwata. Ta hito?"

"Inna, don Allah tashi."

"Ta hito ko ba ta hito ba?"

"Ba ta hito ba."

"To ka gani. Lokacin da Alhaji yas sawo shi ina da jiki, ƙohwa wagga da gefe nika shiga. Yanzu dibe ni, awa ƙaran dawa. Rabinai ya ishe ni."

"Mace ƙyalle biyar aka yi mata, Inna. Da riga, da kallabi."

"Can ba ƙyalle aka tambaya ba." Ta miƙo masa hannu ya tayar da ita. "Ni ban san baƙi ba, ubanku bai wuce allo ba, kai ka gudo. Ɗiya guda ta tsaya, sai a bari ƙyalle shi koro ta?"

Ta auna da kamun hannunta, ta kai bakin yadin ga haƙoran da suka rage mata, ta ɓantare, ta ja. Ƙarar yagewar ta daɗe a kunnen Yari.

"Kada ka hwaɗa mata. In ta sani ba ta sa shi. Kuma kada Tambari shi ji."

Gambo tela yana da shago a Ƙofar Taramniya, abokin marigayi Jibrin ne. Ya karɓi yadin, ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai hanci, ya ajiye a hankali a kan teburin keke.

"Yari, wanga ba yadin kasuwa ba na."

Yari ya kalli titi.

"Mai shi ta sani?"

"Ita ta yaga da hannunta."

Gambo ya ɗauko tef ya auna, ya girgiza kai. Ya ce yarinyar ta yi tsawo a wata shidan nan, wannan iyakarsa gwiwa, kuma ba za a samu takunkumi a ciki ba. Sai an ƙaro kamu guda da ɗan wani abu.

Yari ya koma gida yana fatan Inna za ta ce a'a. Ba ta ce ba. Ta sa ya sake jawo adaka, ta auna, ta yaga. Wannan karon ba ta kwanta ta gwada ba, shi ma bai tuna mata ba, don ba ya son ya sake ganinta a miƙe a kai.

Gambo ya yi bisimilla ya sa almakashi. Da Yari ya zo karɓa ya sa hannu a aljihu, tela ya ɗaga masa hannu.

"Irin wanga ba a amsar ladan ɗinkinai."

Shamsiyya ta saka hijabin a tsakar gida, ta juya, ya sauka har ƙwaurinta.

"Yaya, kafur shika yi."

"Ragowar yadi na, ya daɗe cikin shagon Gambo. In ba ki so in mai da mashi."

"Wa yac ce ba ni so?"

Inna Tani tana zaune bakin ƙofarta. Ta ce ta sake juyawa. Ta sake. Ta daɗe tana kallonta, har Shamsiyya ta tsargu ta yi dariya.

"Inna, lahiya?"

"Lahiya lau. Ya yi maki kyau ya hi yadda za shi yi mani."

"Ke da hijabin makaranta?"

"Ka ji ta. Ai sai in shiga aji in zauna kusa da mutumena na rediyo."

Aka koma makaranta. Kullum da safe Yari yakan kai Shamsiyya kafin ya fara neman fasinja. A bakin ƙofa a ɗora mata na'urar gwada zafi a goshi, ta wanke hannu a bokiti mai famfo, ta shige. Yakan ga wasu yaran a tsaye a waje, wata babu takunkumi, wata da hijabin gida mai launi, suna leƙe ta tsakanin ƙarafa. Bayan 'yan kwanaki sai ya daina ganinsu.

Ana cikin bita Inna ta fara tari. Da farko ta ce sanyin damina ne. Sai zazzaɓi ya biyo, sai abinci ya daina yi mata ɗanɗano. Tun faɗuwar bango Shamsiyya a ɗakinta take kwana, amma Inna ta kore ta zuwa rumfa, ta ce kada ta ƙara shigowa sai da takunkumi. Yari ya ce zai kai ta asibiti. Ta riƙe ƙafar gado.

"A kai ni a ce cuta wagga ta, a hana ku ganina, a naɗe ni cikin leda? Ni da kayana nika tahiya."

Ya yi mata bayani cewa ba haka ake yi wa kowa ba. Ta juya fuska bango. Ya sayo magani a kemis, maƙwabciya ta dafa mata ganyen darbejiya ta yi surace. Wata rana ta tashi har ta zauna a rana, wata rana ko ruwa sai an ɗaga kanta.

Ranar da za a fara jarrabawa, Shamsiyya ta tsaya bakin ƙofar ɗakin da jakar buhunta.

"Inna, za ni."

Muryar ta fito siririya daga ciki. "Allah shi ba da sa'a. Ki rubuta da kyau, kada ki ba mutumena kunya."

Yari ya kai Shamsiyya makaranta, ya ɗauki fasinja biyu zuwa kasuwa, ya sayo koko da ƙosai ya dawo gida da hantsi. Ya yi sallama ba a amsa ba. Ya sami Inna kwance a kan hannunta na dama, ta fuskanci gabas, carbi a ƙasa kusa da gado. Ya ajiye kokon a hankali kamar kada ya tashe ta. Ya taɓa ƙafarta. Sannan ya fita ya buga ƙofar maƙwabta.

Kafin rana ta yi tsaka lungun ya cika. An shimfiɗa tabarmi, an aika masu haƙa, Baffa Tambari ya iso idanunsa jawur. Shi da kansa ya shiga ya buɗe adaka ya miƙa ƙunshin ga Gwaggo Balkisu mai wankan gawar mata. Ba a jima ba ta aiko a kira shi bakin zaure. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma zauren ƙarami ne. Ta ce yadin zai naɗe Inna sau ɗaya, da ƙyar. Babu riga, babu kallabi, babu na ƙari.

Baffa ya karɓi yadin ya bi bakinsa da yatsa. Zaren yagewar sabo ne, bai ko kwanta ba. Ya fito da shi a hannu.

"Wa yat taɓa shi?"

Yari yana iya yin shiru. Ya miƙe daga tabarma.

"Ita ta yaga, Baffa. Hijabin Shamsiyya anka yi."

Baffa ya kalli yadin, ya kalli Yari.

"Ni na tarbo babana ranar da yad dawo da shi. Ni na ɗauko jakar. Tsohuwar ga ba ta taɓa roƙona zane ba, ba ta taɓa roƙona nama ba. Abu guda ta aje ma kanta duniya." Ya ɗaga yadin a gaban Yari. "Kuma kab bari."

Liman ya sa baki, ya ce abin da ya suturta mamaci ya wadatar, sauran ƙari ne. Wani maƙwabci ya ce yana da farin yadi a gida, yanzu zai aika a kawo.

"Na gode," in ji Baffa. "Amma nata na nan cikin gari, bisa kan yarinya. Uwata ba ta tahiya da na sadaka nata na yawo. Yari, hau mashin. Ka amso shi, ka taho da ɗiyar ta yi bankwana da kakarta. Muna jiranka."

Yari ya hau. Bai san yadda ya ratsa titunan ba, sai ganin kansa ya yi a ƙofar makaranta.

Saboda dokar tazara ba a aji ake jarrabawar ba. An fito da kujeru an jera su nesa-nesa a ƙarƙashin itatuwan darbejiya, yara sun duƙufa, malamai suna zagayawa. Maigadi ya taso da sandarsa, takunkumi a haɓa.

"Malam, lahiya?"

"Ƙanwata nika nema."

"An hwara. In rasuwa ta ko ciwo, sai in kira maka shugaba a hiddo ta. Amma ka sani, wadda ta hita ta hita ke nan. Ba a sake mata wata sai baɗi."

Yari ya riƙe ƙarfen ƙofa ya duba. Duk farare ne, duk fuska a rufe, kamar balbelu sun sauka a fadama. Ya bi layi ɗaya da ido, ya bi na biyu. Can kusa da katanga ya hango wani farin da ya ja zuwa ruwan madara, da sawun ninki a gadon baya wanda dutsen guga ya kasa kwantarwa. Ta karkata kai gefe yadda takan yi a bayan ƙyaure, hannunta yana tafiya ba tsayawa.

Kalma ɗaya zai faɗa wa maigadi. Za a taɓa kafaɗarta, ta ɗago, ta ajiye biro. Za ta ga fuskar Inna kafin a rufe. Inna za ta tafi da kayanta cikakku kamar yadda ta faɗa tana riƙe da ƙafar gado. Gobe kuma babu hijabi, babu jarrabawa, sai baɗi. Yari ya san baɗi. Ƙanen satin nan nasa na tasha ne.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Baffa ne. Ta yanke, ta sake. Shi da ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya, ya tsaya har ƙarfen ya yi zafi a tafinsa.

"In kira ta?" in ji maigadi.

"A'a. Ba komi. Biro na zaci ta manta."

Ya kashe wayar. Maimakon gida sai ya nufi Ƙofar Taramniya. Gambo yana ganin fuskarsa ya tsayar da keke, ya yi salati. Ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da wani ɗan ƙunshi a takarda.

"Guntayen da sunka rage. Ban iya zubarwa ba."

Ba su fi cikin tafi biyu ba. Yari ya cusa a aljihu ya fita.

Ya tarar lungun ba maza, sai takalman mata a bakin zaure. Rana ta yi zafi, gawa ba ta jira, liman ya ce a yi sallah, har an wuce da ita. Ya juya mashin ya bi su maƙabarta. Ko da ya isa an riga an jera itace, ana cikin lulluɓe shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Mutane suka buɗa masa hanya ba tare da sun dube shi ba. Baffa yana durƙushe bakin kabarin, hannayensa duk laka. Ya ɗago ya kalli hannun Yari, ya kalli bayansa ko akwai yarinya.

Yari ya fito da ƙunshin ya buɗe.

"Mi na wanga?"

"Ragowar nata na, Baffa. Ko a sa mata."

"An rufe." Baffa ya ci gaba da shafa laka. Bai ɗaga murya ba. "Da yadin maƙwabci anka cika ma uwata. Ina raye, ina da rumfa cikin kasuwa. Kai kuma ko sallarta ba ka samu ba, ita da ta goye ka." Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. "Ka zaɓa. Daga yau kai da ƙanwarka ku ji da kanku."

Yari ya zuba ƙasa da hannu tare da sauran mutane. Da aka shafa fatiha aka watse, ya koma ƙofar makaranta ya jira a tashi.

Shamsiyya ta fito da sauri, ta hau, ta riƙe gefen rigarsa. Tun kafin su hau titi ta fara zuba. Lissafi ne aka yi, kuma tambaya ta uku irin wadda malamin rediyo ya yi ce sak, ranar da batir ya kusa mutuwa. Wata yarinya ta yi amai an fitar da ita. Biro ɗinta ya yi yoyo ya ɗan taɓa bakin hijabi, amma zai fita.

"Bari in je in hwaɗa ma Inna mutumenta ya yi rana. Ta sha kokon?"

Yari ya yi ta neman inda zai tsaya ya faɗa mata, har suka iso bakin lungu. Ta ga tabarmi. Ta ga maza a jere, ga buta, ga Baffa a tsakiya. Hannunta ya saki rigarsa.

Ta ratsa su da gudu ta shige. Yari ya kafe mashin ya shiga zaure ya zauna a ƙasa. Ya ji kukanta ya tashi. Ya ji mata suna ba ta haƙuri. Sannan ya ji muryar Jummai, ba da faɗa ba, tana cewa ai gara ta cire wannan abin, ko ba ta san mene ne a jikinta ba? Kukan ya tsaya cak.

An jima Shamsiyya ta fito zauren. Ta yafa wani tsohon zanen Inna, hijabin yana hannunta a dunƙule.

"Yaya, ka sani?"

"Na sani."

"Sun ce an aike ka makaranta."

"An aike ni."

"Ka gane ni?"

"Na gane ki."

Ta tsaya tana kallonsa kamar wani baƙo da ya shigo gida ba sallama. Ta saki hijabin a kan ƙafarsa ta koma ciki.

Kafin magariba Yari ya ɗebi ruwa a randa, ya tsuguna bayan ɗakin da ya faɗi, ya wanke hijabin da kansa. Tawadar ba ta fita duka ba. Ya shanya a igiya, mata masu zaman makoki suna kaucewa kada ya taɓa su.

Da safe ya tarar ya bushe. Ya ninke shi, ya ɗora takunkumi a kai, ya ajiye a bakin rumfar da Shamsiyya take kwance ta juya baya. Ya tura mashin zuwa lungu ya hau, bai tayar ba.

Masu gaisuwa suka fara zuwa. Baffa ya iso ya zauna a tabarma, bai dubi inda yake ba. Yaran unguwa masu jarrabawa suka wuce bibbiyu, fararen hijabansu suna kaɗawa, har suka ƙare. Daga ciki ya ji Jummai tana cewa a bar yarinya ta zauna, kwana ɗaya da rasuwa ina ita ina fita, ga tukwanen sadaka ma ba mai dubawa. Rana ta hau katanga. Wani mai kaya ya tambaye shi ko zai je kasuwa, ya girgiza kai.

Sai zauren ya yi fari.

Shamsiyya ta fito da jakar buhu a kafaɗa, idanunta a kumbure, takunkumi ya rufe sauran fuskar. Hirar maza ta yanke. Wata tsohuwa da ke shigowa ta ja baya ta manne da bango, tana neman tsari a ƙasan numfashi. Shamsiyya ta durƙusa ta gaida Baffa. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Ta zo ta hau bayan mashin. Ba ta gaida Yari ba, ba ta riƙe rigarsa ba. Ta mayar da hannu baya ta kama ƙarfe.

Haka suka isa makaranta. An kusa rufe ƙofa. Aka ɗora mata na'ura a goshi, ta wanke hannu, ta wuce wajen itatuwan ba ta waiwayo ba. Yari ya bi sawun ninkin nan da ido har ta zauna kusa da katanga.

Ya sa hannu a aljihu neman makulli, ya ji ƙunshin takarda. Ya fito da hannun yana ƙamshin kafur. Wata mata ta ɗaga masa hannu daga tsallaken titi, ya goge tafinsa a wando, ya tayar da mashin.